Yadda za mu kafa ƙungiyar taimakon gidan tarihi

'Yan uwa, tunda yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kowa ya ji yadda aka wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum, to ƙananan na jihohi irin na Shaikan da ke El Obeid su ma suna buƙatar hannu, kuma ba sai kana da digiri ba.

Ku fara da mutum biyar ko shida, ku buɗe gurup a WhatsApp, sannan ku je wajen shugaban gidan ku tambaye shi abin da ya fi damunsa. Kar ku je da naku tsarin, shi ya san inda rufi yake yoyo.

Aikin da ya fi komai amfani shi ne rajista. Kowane kaya, takobi ne ko sulke ko tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, a ɗauke shi hoto gaba da baya da lambarsa a gefe, a rubuta a littafi kuma a ajiye kwafi a waya biyu ko uku, don in an sace abu hoton nan ne shaida. Kuma don Allah banda wanki! Na taɓa ganin wani ya goge garkuwar fata da jiƙaƙƙen tsumma wai yana gyara, ƙura da burushi mai laushi ake kaɗe ta. Kafin damina a duba gara, a ɗaga akwatuna daga ƙasa.

Kuɗin karo-karo ma'aji ɗaya, lissafi a fili.

Masu zuwa Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani da ke Sudan, ku naɗi muryar tsofaffi kan hijirar kakanni bayan yaƙin Burmi na 1903, amma ku nemi izininsu tukuna.