Kurakuran sabbin masu karanta tarihin daji a cikin laka

Na gaji da ganin ɗalibi ya leƙa madubin ƙara girma, ya hango garin furen itacen kurmi (ƙurar nan ta cikin fure da tsiro ke barbara da ita) ƙwaya biyu a tsohuwar laka, ya zauna ya rubuta wai da can Barno kurmi ce. Ba kurmi ba ce. Lakar da aka haƙo a tafkin Tila, kan tudun Biu, ta ajiye tarihin shekara kusan 17,000, kuma ko lokacin da ruwan sama ya fi yawa garin furen ciyawa bai taɓa yankewa ba. Daji ne da ya fi na yau duhu, amma ciyawa na nan, gobarar daji ma na nan, ga gawayinta kwance a lakar. A yankin Manga kuwa, arewacin Yobe, itatuwan fadama sun tsaya ne a kwarurrukan da ruwa ke kwanciya tsakanin tuddan yashi. In a fadama ka ɗebo laka, labarin fadama za ka fi ji.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar cewa kowane tsiro gwargwadon yawansa yake zubar da gari. Ina! Ciyawa iska ce ke yi mata dako, don haka barbaɗa shi take ba lissafi, hunturu kuma ya kwashe shi ya kai nesa. Kuka da ɗorawa jemagu ne ke kai musu, kaɗanya ƙudan zuma, sai ka tarar dajin da suka cika kusan bai bar sawu a laka ba. Ni dai kafin in taɓa tsohuwar laka, sai na kankaro ta sama a wani kududdufin da na san itatuwan bakinsa, na ƙirga abin da ke ciki, don in ga wane itace ke barin sawu, wane ne ba ya bari. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ƙazanta, don ya taɓa cinye mini aikin rani guda. An bar robobin samfur a buɗe kusa da taga, da na zo dubawa sai ga garin furen masara, ƙato, ya yi zaman dirshan a lakar da ta haura shekara dubu bakwai. Masarar da ba ta baro Amurka ba sai bayan 1492! Tun da ta shiga, me kuma ya shiga? Dole na zubar da komai. Malam, wanke wuƙarka bayan kowane yanka, kankare bayan lakar da ya gogi bututun haƙa, rufe roba nan take, ka rubuta zurfin a jikinta, ba a murfi ba. Murfi musanyuwa yake.

Sai batun shekaru. Gwajin kabon 14, da ake auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa da shi, ba ya wuce shekara 50,000 ko kusa da haka, saboda rabin sinadarin ke ƙarewa duk shekara 5,730. Kada ka kai masa ƙashin dinoso na Gadufawa a Nijar, wanda ya haura shekara miliyan 100. Ɓawon katantanwar tafki ma yakan yi ƙaryar tsufa, don tana zuƙar tsohon kabon da ya narke a ruwa. Nemi ƙwayar iri ko gawayi.

Ƙashin dorina, kada da giwan ruwa da aka tono a Gobero, cikin hamadar Tenere, shaida ce ta tafki, ba ta ruwan sama na dukan Sahara ba. Haka kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe da aka gano a 1987, mai shekara kusan 8,000.

Kuma a daina cewa hamada ta bushe dare ɗaya ko'ina. Lakar tafkin Yowa a arewacin Chadi, mai tarihin shekara 6,000, ta nuna can sannu a hankali itatuwa suka janye, ciyawa ta bi bayansu.