Yadda ake tsara falon baƙi a otal na zamani a Kaduna

Falon otal shi ne zauren gidan. Nan ake zuwa gaishe da baƙo, nan ake ƙulla ciniki, nan 'yan biki ke jiran mota. Saboda haka zaman mutanenmu za ka duba, ba hoton wani otal na Dubai ba.

Kafin ka sayi ko kujera ɗaya, auna wurin, ka fitar da hanya daga ƙofa zuwa teburin karɓar baƙi. Bar mata faɗin mita 1.2 ko fiye, don mai jan akwati da mai keken guragu.

Daga nan sai ka kasa zaman kashi-kashi: wani na mutum biyar, wani na mutum biyu masu magana ƙasa-ƙasa, wani kuma a ɗan saye inda mata da yara za su sake.

Wajen zaɓen kujera ne aka fi tafka kuskure. Kushin nan mai zurfi da ke nutsewa da mutum yana da kyau a ido, amma dattijo mai babbar riga sai an kama shi kafin ya miƙe. Nemi mai ɗan tauri, mai hannu, wadda mazauninta ya kai santimita 45 daga ƙasa. Zauna a kai da kanka kafin ka biya.

Tuna da hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta raga wa karan-miski da kafet mai gashi. Fata ta fi, ko yadin da ake cire rigarsa a wanke. Ƙasa kuwa tayil marar santsi, saboda damina.

Ba komai ne sai an yi odarsa daga waje ba. Masu walda a Panteka za su haɗa maka ƙafafun tebur in ka kai musu zane da awo. Katakon madaci kuma ka tabbata ya bushe, in ba haka ba zai tsage. Tum-tum na fata biyu da yadin rini na Ƙofar Mata a bango ɗaya sun isa, kada a cika wurin.

Sa fitila mai haske ruwan ɗorawa-ɗorawa, da soket ɗin caji kusa da kowane zama, a haɗa wasunsu da inbata. Wurin salla da alwala kuma ya kasance kusa, da alamar da baƙo zai gani ba sai ya tambaya ba.