Yadda koci zai yi wa ɗan ƙwallon raga gyara har ya kama

A filayen makarantun Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, idan la'asar ta yi aka ɗaura raga, abin da ya fi fita daga bakin masu horarwa shi ne "Kai! Me kake yi haka?" Yaron ya riga ya san ƙwallo ya faɗi, da idonsa ya gani. Abin da bai sani ba shi ne me zai canza a bugu na gaba, kuma wannan ne aikin koci.

Da farko ka kalla kafin ka buɗe baki. Ka tsaya a gefen fili, ka ɗauke idonka daga kan ƙwallo ka mayar kan ƙafafun ɗan wasa. Yawancin kuskuren tarba da dantse, wadda muke kira manshet, daga ƙafa yake farawa: yaro bai isa wurin da wuri ba, sai ya miƙa hannu yana lilo da shi. Ka bar shi ya maimaita sau da dama. Kuskure ɗaya na iya zama tsautsayi, wanda yake dawowa shi ne ɗabi'a, kuma ita ake gyarawa.

Sannan ka zaɓi abu guda. Nan ne wuya take, domin koci mai ido yana ganin aibi biyar a tsalle ɗaya. Ka ɗauki wanda in ya gyaru zai ja sauran. Mai dukan simash, wato dukan ƙwallo da ƙarfi daga sama, da ke yawan cusa ƙwallo a raga, sau da yawa matsalarsa takun gudu ne. Ragar maza tsayinta mita 2.43 ne, ta mata 2.24, wanda ya tashi a wurin da bai dace ba ƙarfin hannu ba zai cece shi ba. Gyara takun, ka yi shiru a kan gwiwar hannu sai wani mako.

Na uku, ka faɗi abin yi, a taƙaice. "Kada ka lanƙwasa hannu" yana bar wa yaro hoton lanƙwasar a kansa. Ka ce: "Ɗana, miƙe hannu, juya dantsenka wajen mai fas," wato mai ɗaga wa mai duka ƙwallo. Ya fi kyau ma ka nuna masa inda ƙwallo zai je: ka ajiye kujera ko ka zana da'ira a ƙasa kusa da raga, ka ce ya sauke shi ciki. Jiki yakan nemo hanyarsa idan ido ya san inda ya nufa. Kuma ka yi magana da harshen da ɗan wasan yake tunani da shi. A ƙungiya ɗaya a nan arewa za ka tarar da mai Hausa, mai Fulatanci, mai Faransanci. Ka tsayar da kalmomi kaɗan da kowa ya sani, ka riƙe su kullum, kada yau ka kira abu da suna gobe ka sake.

Lokacin magana ma yana da ƙa'ida. Gyaran salon bugu na ranar atisaye ne. A cikin gasa, kamar wasannin makarantu na FENASSCO, mai sabis, wato mai bugun farko, daƙiƙa 8 kawai gare shi bayan usur, hutun da koci ke nema kuma daƙiƙa 30 ne, sau 2 a kowane zagaye. Wa zai koyi sabon riƙon hannu a wannan ɗan tsakani? Ka bar su su sha ruwa, ka ba da umarni ɗaya kan abin da ke tafe: "Ku aika sabis kan mai lamba huɗu, tarbarsa ta yi rauni."

Bayan haka ka fara rage bakinka. Idan bugu ya wuce, tambayi yarinya: "'Yata, ina ƙafarki take lokacin da ƙwallo ya iso?" Ka jira amsa ko da ta yi jinkiri. Ranar wasa ba ka cikin fili tare da ita, dole ta iya jin kuskurenta a jikinta. Idan akwai waya, ɗauki bidiyo gajere daga gefe ka nuna mata nan take, gani ya kori ji.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawa a gaban jama'a, musamman ga 'yan mata. Da yawansu da ƙyar iyaye suka amince suka fito fili. 'Yan matan Kamaru sun ɗauki kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021, kuma yarinyar Ngaundere da ta ji labarinsu ta zo da buri. Ka kunyata ta sau ɗaya a gaban ƙawayenta, gobe ba za ka gan ta ba. Gyara mai nauyi, ka ja ta gefe inda kowa ke hango ku amma ba ya jin ku. Yabo kuwa a fili ake yinsa, da sunan abin da aka yi: "Madalla, kin isa wurin kafin ƙwallo." Idan ta gwada abin da ka ce amma ƙwallo ya fita waje, ka yaba gwajin, ka sake jefo mata wani nan take.