Yadda na kai Baba a duba babbar jijiyar cikinsa

Baba ya shekara 67, kuma ya yi shekara talatin yana shan taba kafin ya bari. Shi ya sa na matsa masa mu je babban asibitin Damagaram a yi masa eko na ciki, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura.

Akwai babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya ta ratsa ciki. Faɗinta kusan santimita 2 ne. Wani lokaci bangonta kan yi rauni ta kumbura a hankali, ba ciwo ba alama, sai ranar da ta fashe. Wannan shirun ne ya fi tayar mini da hankali.

Fara da duba ko naka dattijon na cikin haɗari: namiji ne da ya kai 65, ya taɓa shan taba, yana da hawan jini, ko an sami ciwon a wurin mahaifinsa ko ɗan'uwansa. A Ingila kowane namiji ana kiransa gwajin idan ya cika 65. Mu nan, kai za ka roƙi likita ya rubuta takardar.

Ku je da sassafe bai ci komai ba. Na ce, "Baba, ba allura, mai kawai za a shafa." Minti goma sha biyar aka gama.

In faɗin ya kai santimita 3, za a riƙa sake aunawa; daga 5.5 ake maganar tiyata. Ciwon ciki ko na baya mai tsanani kwatsam, da jiri, ku nufi asibiti nan take.