Darasi na 14: Gyaran Fayil ɗin Lissafi Idan Ya Ƙi Buɗewa

Iyayena da 'yan'uwana, mun sha ganin haka a shagunan Alabar da Aboabo a Kumasi: ana cikin shigar da bashin mai saye, sai dumso ya ɗauke wuta, da ta dawo kuma fayil ɗin Microsoft Access mai ɗauke da sunayen masu bashi ya ƙi buɗewa. Wutar ta yanke ne kwamfuta tana tsakiyar rubutu, kamar malamin da aka fizge wa alƙalami bai ƙarasa layi ba. Ku kwantar da hankalinku, sau da yawa sauran bayanan suna nan.

Kafin komai, ku yi kwafi. Ku soka filash, ku nemi fayil ɗin, wanda sunansa yake ƙarewa da .accdb, ko .mdb idan tsoho ne. Ku danna shi sau ɗaya, ku riƙe Ctrl ku taɓa C, sannan ku shiga filash ku riƙe Ctrl ku taɓa V. Ku duba da idonku cewa fayil ɗin ya bayyana a can. Idan bai bayyana ba, ku sake, babu kunya a maimaitawa.

Alhaji, Hajiya, ba raini ba ne, amma wannan matakin kuke tsallakewa kullum saboda sauri, kuma na faɗa har muryata ta dishe. Gyara yakan zubar da layukan da suka lalace ƙwarai, saboda haka wanda ya gyara ba tare da kwafi ba, abin da ya zube ya tafi ke nan. Ku yi kwafin tukuna.

Bayan haka ku tabbatar babu wanda ya buɗe fayil ɗin, ku buɗe Access, ku shiga Database Tools, ku danna Compact and Repair Database, wato umarnin gyaran fayil, ku zaɓi fayil ɗin. Kun yi kwafin kuwa? Idan ba ku yi ba, ku koma baya.

Darasi na 15: Fayil ɗin da Aka Goge

Ku fara duba Recycle Bin, wato kwandon sharar kwamfuta. Idan ba ya ciki, ku daina ajiye komai a kwamfutar, domin sabon abu yana iya hawa kan gurbin tsohon. Manhajar Recuva, wadda ake samu kyauta, tana iya nemo irin waɗannan fayiloli. Abin da ta samo ku ajiye shi a filash.

Darasi na 16: Kiyayewa

Ku riƙa yin kwafi kowace yamma kafin ku rufe shago.