Yadda Ake Shawo Kan Mutum a Gardama: Abin da Dambe da Judo Suka Koya Mini

Na yi dambe a Agege ina saurayi, daga baya na koyi judo, wato kokawar Japan, a babban filin wasa na Surulere. Yanzu albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma da wuya mako ya wuce ba a kira ni raba gardama tsakanin dillali da direba ba. Da abin da na koya a fage nake raba su.

Ka fara da garkuwa. Ɗan damben da ya san hannunsa ba ya buɗe turmi da mashi, wato hannun da aka naɗe. Hannun da ba a naɗe ba, wato garkuwa, yake miƙawa, tafi a buɗe, yana auna tazara. A magana, tambaya ce garkuwarka: “Malam, yaushe aka yi lodi a Aliero? Ina ruwa ya same ka?” Ka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, kada ka katse shi.

Sai abin da 'yan judo ke kira kuzushi, wato gusar da mutum daga inda ya kafa ƙafa kafin ka yi yunƙurin kayar da shi. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokyo a 1882, a kan wannan ya gina koyarwarsa: idan an turo ka ka ja, idan an ja ka ka tura. To, ka maimaita wa mutum maganarsa fiye da yadda shi ya faɗe ta, har ya ce “Haka ne wallahi.” A nan kafaɗarsa ke sauka. Sannan ka kawo hujja ɗaya tak, wadda ido zai gani.

A daminar bara wani dillali ya rantse direba ne ya bar ruwa ya jiƙa masa kaya. Na ce, “Alhaji, kana nufin tamfol ɗinsa ya yi yoyo?” Ya ce ƙwarai. Muka farke buhu daga saman mota: bayansa a bushe ƙayau, tsakiyarsa ta ruɓe tana wari. Tun a gida ba a shanya albasar da kyau ba. Ban ƙara ko kalma ba.

Amma ka koyi faɗuwa. Makonnin farko a judo, ba a koya mini komai ba sai yadda zan faɗi ban karye ba. Wanda bai iya cewa “A nan ka fi ni gaskiya” ba, tsoro ne zai sa shi ɗaga murya, kuma na sha ganin haka ta raba abokan ciniki na shekaru. Abin yana yi mini ciwo.

In abokin karawa ya buga tabarma alamar ya sallama, nan take ake sakinsa. Haka Alhajin nan: da ya yi shiru, na kore yaran da suka taru kallo, na sa mai shayi ya kawo kofi uku, muka zauna lissafin buhunan da za a iya tsincewa.