Yadda za ka kalli fim ɗin tsoro na gidan fatalwa

To ka ga irin waɗannan finafinan ba na gaggawa ba ne, a hankali tsoron ke shiga jiki. Ka fara da The Others na 2001 ko The Babadook na Ostireliya na 2014, dukkansu uwa ce da mijinta ya rasu take fama a cikin gida, a na farko da ƴaƴa biyu, a na biyu da ɗa ɗaya. Ka kalla da daddare, kashe fitila, sa iyafis don sautin ne rabin fim ɗin, ƙarar ƙofa da takun ƙafa. Wayarka kuma ajiye ta gefe wallahi in kana chatin ba abin da za ka gane. Ka riƙa lura da uwar sosai, baƙin cikinta ne ke motsa komai. In an yi maka rasuwa kwanan nan, ka ɗan jinkirta tukuna.